Kamun Malam Hashimu

A Kanyar Dukawa, ƙauyen da ke can bayan Ungogo inda gonaki suka manne da bayan gidaje, in mutum ya ce abu kamu uku ne, sai an tambaye shi: kamun wa? Domin akwai kamun jama'a, akwai kuma na Malam Hashimu baduku. Allah Ya yi shi dogo, sannan Ya ƙara masa a hannu. Daga gwiwar hannunsa zuwa kan dogon yatsansa ya zarce na kowa a ƙauyen, har mai yadin da ke zuwa ran kasuwa ya rantse ba zai sake bari Hashimu ya auna da kansa ba.

Shi kuwa da hannun nan yake auna komai. Da damina manomi ne, gero da dawa da ɗan wake. In amfanin gona ya shiga rumbu, sai ya shimfiɗa buzu a zaure, ya jawo wuƙa da basilla, ya koma dukancin da ya gada. Yana ɗinka gafaka ta masu karatu, da kube, da takalma, da zabirar wanzamai. Bai taɓa riƙe rula ba. Fata zai ɗora a cinya, ya kwantar da hannu a kai, ya ja layi da farce, magana ta ƙare. Ba shi da yawan surutu. In abu ya yi masa daɗi sai ya ce, "To, madalla." In ransa ya ɓaci ma haka zai ce, sai dai a gane daga yadda ya ja "to" ɗin.

Ɗakin matarsa, Inna Hure, da hannun nan ya auna shi shekarar aurensu. Soro ne na ƙasa, da ginshiƙi ɗaya a tsakiya yana ɗauke da azara, da alkuki biyu a bango, ɗaya na fitila, ɗaya na tasbaha da man zafi. A ɗakin aka haifi Khalilu, aka haifi autarsu Raudatu.

Raudatu tun tana 'yar ƙarama ba ta bar gawayi ya huta ba. Sauran yara na zana tsuntsu da mota, ita gida take zanawa, gidan ma marar rufi, kamar wanda aka leƙo daga kan bishiya. Inna ta yi faɗa har ta gaji, ta koma goge bango kawai. Da yarinyar ta gama sakandare, wani malaminta ya kawo mata takarda. Wata makaranta ce mai nisa da ke koyar da zanen gine-gine, za ta ɗauki ɗalibai kyauta, za a yi ganawa a cikin birni, kuma kowa ya zo da fotifoliyonsa. Malamin ya yi mata bayani cewa ana nufin tarin zane-zanen da mutum ya yi da hannunsa, don a ga ko yana da ido.

A zaure ta karanta wa babanta takardar, tana mayar da ita Hausa layi-layi. Da ta zo kan kalmar nan sai ta bar ta yadda take. Malam Hashimu ya ɗaga kai daga ɗinki. Duk Turancin da ke takardar, wannan ce kaɗai ya sani, kuma ya san ta sarai. Fotifoliyo ai ita ce baƙar jakar nan da hedimasta da akawun kotu ke riƙewa, sau nawa aka kawo masa ya gyara musu hannu. Bai tambaya ba, ita ma ba ta yi bayani ba. Kowa ya tashi da tabbacin ya gane.

Mako uku ta yi tana zane a kan takardar kwali. Da ta ce za ta je aron tef ɗin awo wajen tela, sai uban ya ce, "Me za ki yi da tef, ga hannu?" Haka suka bi gidan, shi yana kafa gwiwar hannu a bango yana ƙirgawa, ita tana rubutawa. Suka auna zaure, suka auna rumbu da bakin rijiya da masallacin unguwa. Ɗakin Inna kuwa shi kaɗai ya ci takarda huɗu, domin shi ta fi sani. Inna tana tankaɗe tana kallonsu ta ce, "Ku biyun nan sai addu'a. Mutum da furfurarsa yana rungumar bango." Raudatu ba ta taɓa jin babanta ya yi magana da yawa irin ta kwanakin nan ba, ko da yake rabin maganar ƙirge ne.

Ranar ganawar, ta shirya ta fito da takardunta a nannaɗe cikin leda, sai ya tsayar da ita a zaure. Ya ɗaga buzu ya zaro wata jaka ta jan fatar akuya, shafaffiya, da adon baƙi da kore a baki, da tuntu biyu, da maratayi. "Ga fotifoliyon," in ji shi. Nan take ta gane abin da ya faru, amma ba ta gyara masa ba, domin yana tsaye yana murmushi. Shi da kansa ya warware takardun, ya jera su ciki, suka shige daidai kamar an haife su tare.

A ɗakin jira ta tarar da yaran birni riƙe da baƙaƙen fayil na roba, zanensu da rula aka ja shi, na wasu ma kwamfuta ce ta fitar. Jakarta kuwa warin sabuwar jima take yi, har wata da ke kusa da ita ta ja gyale ta toshe hanci. Da aka kira ta, wani dattijon malami ya daɗe yana juya takardun, sannan ya sa alƙalami a kan wani rubutu ya tambayi ma'anarsa. Ta ce kamu takwas ne, ta nuna da hannunta.

"Kamun wa?"

"Na babana."

Dariya ta ɓarke a teburin. Dattijon bai yi ba. Ya ce mata tana da ido, amma ba a gini da awon da mutum ɗaya ne kawai ke da shi a duniya. "In baban naki ya yi tafiya fa?" Da sunaye suka fito, babu nata.

Amma ba ta jira sunayen ba. Ran nan da la'asar ta shigo zaure ta yar da jakar a kan buzu. "Baba, ba jaka suke nufi ba, zane suke nufi. Dariya aka yi mini, da jakar da kamun naka duka." Malam Hashimu ya ɗauki jakar, ya share ta da hannun riga, ya ce, "Tooo, madalla." Ya rataye ta a ƙusa, ya koma kan basilla.

Shekara ta zagayo ta ci jarrabawa, ta shiga jami'a can wajen Rijiyar Zaki, kuma zanen gine-ginen dai ta karanta. Ta koyi mita da milimita. Baban bai fasa raka ta bakin titi ba duk ranar komawa makaranta, amma bai sake tambayarta me take zanawa ba, bai kuma sake auna wani abu a gabanta ba. Tana shekarar ƙarshe ya kwanta kwana tara, Allah Ya karɓi abinsa. Ba ta taɓa ba shi haƙuri kan maganar nan ba. Ba ƙi ta yi ba, kullum gani take akwai lokaci, kuma abin ya tsaya mata a rai. Bayan addu'ar arba'in ta cire jakar daga ƙusa, ta sa a ƙasan akwati. Da akwatin ta tare gidan miji, ba ta sake buɗe jakar ba.

Shekaru suka tafi. Raudatu ta zama wadda mutanen ƙauye ke kira Injiniya, tana zana shaguna da gidajen haya a filayen da ta sani suna gonaki. Idon Inna kuwa ya riƙa dushewa a hankali har ya rufe. Sai dai wanda ya gan ta a ɗakinta ba zai ce makauniya ba ce. Tana ɗaga ƙafa daidai dokin ƙofa, ta dafa ginshiƙi, ta miƙa hannu alkuki ba lalube. Ita ke sharar ɗakinta, ita ke zuba wa kanta ruwan alwala. Gidan gandu ne, matan ƙannen mijinta na nan, amma ba ta yarda kowa ya riƙe mata hannu.

A watan Agustan bara aka yi ruwan kwana uku, bangon gabas ya tsage. Da ƙyar aka lallashe ta ta fito, kafin azahar ɗakin ya zauna. Khalilu ya ɗauke ta zuwa gidansa na bulo a Bacirawa. Don kada ta riƙa jin labarin kango ranta na ɓaci, ya sa aka kwashe ƙasar kaf aka kai gona, aka share wurin tas. Da kyakkyawar niyya ya yi.

Matarsa Asiya ta riƙe Inna da mutunci, ba wanda zai ce wani abu. Amma a makon farko Inna ta zame a kan tayil, a na biyu ta buga goshi da ƙofar ƙarfe. Daga nan ta zauna a kan darduma, ba ta ƙara tashi sai an tashe ta. Macen da ba ta taɓa cewa a miƙo mata buta ba, yanzu sai ta kira suruka ta kai ta bayan gida. Asiya ce ta lura ta gaya wa Raudatu cewa kofin da ake ajiye wa Inna da safe, cike ake ɗauke shi da yamma. Ta daina shan ruwa don kada ta yawaita kira. Leɓenta ya bushe, jikinta ya zube, likita ya yi faɗa, ta ce masa to, ta ci gaba da abinta.

Raudatu ta durƙusa gabanta ta ce, "Inna, don Allah me kike so?"

"Ɗakina."

"Za a gina miki, mai kyau ma."

"Ban ce mai kyau ba. Nawa na ce."

A ranar Raudatu ta juye akwati. Fatar jakar ta yi duhu, amma warin na nan. Ta baje takardun goma sha biyu a kan tabarma, dariya ta kama ta kafin komai. Ga rumbu kamar ƙwai, ga ƙofar da in aka buɗe ta bango za ta daka, ga rubutun 'yar shekara goma sha takwas da ke ƙoƙarin zama na manya. Babu ma'aunin zane ko kaɗan, zanen ido ne zalla. A gefen wata takarda akwai shatin babban yatsa na jan rini, inda babanta ya dafa. Da ta zo kan takardu huɗu na ɗakin Inna, dariyar ta tsaya. Yarinyar nan ba ta bar komai ba. Ta rubuta tsayin dokin ƙofa, da nisan ginshiƙi daga ƙofa, da zurfin alkuki, da gurbin randa, har ƙusar da ake rataye mafici. A ofishinsu ba a taɓa yi wa wani ɗaki irin wannan kulawar ba. Sai dai komai da kamu aka rubuta shi, mai kamun kuwa ya yi tafiya. Ta tuna tambayar dattijon nan, ta kifa kai ta yi kuka.

Ta fara da dabarar masu ilimi: ta nemi abu ɗaya cikin zanen da yake tsaye har yanzu, ta auna shi da tef, ta raba. Babu. Zauren an rushe shi tuni an yi shago na bulo, rumbun ya tafi, an faɗaɗa masallaci, bakin rijiya an sake shi da siminti. Ta auna hannun Khalilu, santimita arba'in da shida. Ta auna na Ɗanliti, maginin da zai yi aikin, arba'in da biyar. Ta tambayi dattawan ƙauye, kowa ya ce ai hannun Hashimu ba a magana, kowa kuma ya nuna tsayi dabam. Rigunansa an yi sadaka da su tun tuni. Kuskuren yatsa biyu a kamu ɗaya, in ya ninka sau takwas, ya isa Inna ta miƙa hannu ta kama iska.

Bayan girbi ta kafa turaku a filin, ta ɗaura igiya da awo iri uku, aka kawo Inna a a-daidaita-sahu ko ƙafarta za ta zaɓa. Inna ta tsaya tsakiyar fili, ta yi taku biyu, ta daskare. "Ni ban taɓa ƙirga taku ba," ta ce. "Bangon ne ke gaya mini inda nake. Nan ba na jin komai, ki riƙe ni." Ɗanliti ya kawar da kai. Tubalinsa ya bushe, wani aikin na jiransa a wani ƙauye, kuma in ba a fara yanzu ba damina za ta riske su. Raudatu ta san sau ɗaya za a yi ginin nan, ta kuma san Inna ba za ta jure wata shekarar a kan darduma ba.

Suka zauna a inuwar darbejiya. Raudatu na mayar da takardun cikin jaka, sai Inna ta ɗaga kai tana shinshinawa.

"Warin jimar mahaifinki nake ji. Fotifoliyon ce? Ba ni."

Ta ɗora ta a cinya tana shafawa, ta bi ɗinkin da yatsa har ƙarshe. "Da ƙafa ya je Majema ya zaɓo fatar nan. Kina zane a ɗaki, shi yana ɗinki a bayan rumbu, wai kada ki gani. Ya ce takardar makaranta ba a son ta lanƙwashe, shi ne ya sa mata tukurwa a baya. Ji nan." Ta danna bayan jakar, inda wani abu mai tauri ya miƙe daga gefe zuwa gefe. "Ni na riƙe masa. Ya kafa gwiwar hannu a wannan bakin, ya yanke a kan yatsa. Kamu ɗaya cif, kin san shi."

Ɗanliti ya zaro wuƙa zai farke ɗinkin, Inna ta buge masa hannu kamar tana gani. "Kai, a kul! Ya bar mata baki ai, ko da za ta karye a sake." Ta laluba ƙarƙashin tuntu, ta kwance wani siririn ƙulli, ta zaro 'yar sandar, fara sol. Raudatu ta ɗora tef a kai. Hamsin da uku. Duk igiyoyinta uku sun gaza.

"Inna," ta ce a hankali, "ranar nan na faɗa wa Baba magana."

"Na ji ki, ina tsakar gida."

"Ya ce wani abu?"

"Ya shigo ya zauna, ya ce, Hure, ashe kunyata yarinyar nan na yi." Inna ta shafa jakar. "Can kuma ya ce, amma kin ga ko takarda ɗaya ba ta lanƙwashe ba."

Washegari Raudatu ta jefa tef ɗinta cikin jakar hannu, ta miƙa wa Ɗanliti tukurwar, ta ce da ita za a yi aikin. Iliminta ta zuba a inda hannun Inna ba zai kai ba: ta sa harsashi na dutse da siminti, ta gyara gangaren rufi da indararo yadda ruwa ba zai kwanta ba. Abin da hannu ke taɓawa kuwa, ƙasa ce da yaɓe, yadda yarinyar nan ta rubuta. Ko ɗan karkacewar da alkukin fitila ya yi ba ta gyara ba. Ɗanliti ya yi ta mita wai za a ce bai iya aiki ba, ta ce a ce.

Mako bakwai aka yi. Ranar da daɓe ya bushe, aka jera 'yan kayan Inna kowanne a gurbinsa, aka cika randa. Khalilu da Asiya suka kawo ta da hantsi, matan gidan suka tsaya cirko-cirko a tsakar gida. Raudatu ta riƙo ta har bakin ƙofa, sannan ta saki hannun.

Inna ta daɗe a tsaye tana shaƙar warin ƙasa. Ta yi bisimilla, ta ɗaga ƙafa, ta tsallake dokin ƙofa ba ta taɓa shi ba. Taku uku, hannun hagu ya sauka a kan ginshiƙi. Ta juya dama ta miƙa hannu sama, yatsunta suka shige alkuki, suka fito da tasbaha. Wata daga cikin matan ta fara guɗa, aka ce ta yi shiru. Raudatu ta bi ta ciki ba ta ma san ta bi ba, ta tsaya kusa ko za a buƙace ta.

"Matsa, kin tare mini hanya," in ji Inna.

Ta wuce ta gefenta zuwa kusurwa, ta ɗaga faifan da ke bakin randa, ta cika moɗa, ta durƙusa ta shanye tas. Ta sake cikawa ta shanye. Sannan ta share baki da gefen zane, ta dafa bangon da tafin hannu, ta ce, "To, madalla."

Ba ta ja "to" ɗin ba.